Wai Akwai Mabuɗi Ɗaya na Dukkan Ilimi? Nazari a Kan Takardun Hisabin da Ke Yawo a Hannun Almajirai

Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. 

Bayan ƙaramar Sallar da ta wuce, wani almajirina a nan Salaga ya fara ɗauke ƙafa daga karatun bayan asuba. Yaro ne mai ƙwaƙwalwa, ya sauke Ahalari da Ishmawi, ya shiga Iziyya, yana kuma taɓa Ajurumiyya. Ranar da na tsare shi a ƙofar masallaci, sai ya zaro wasu takardu da aka buga da injin hoto, shafi talatin da ɗoriya, babu sunan marubuci, babu sunan malamin da aka karɓo daga gare shi. Ya durƙusa ya ce, "Allah gafarta Malam, ba wai na ƙi karatu ba ne, gajeriyar hanya na samu."

Na karɓi takardun na kwana biyu ina dubawa. Abin da suke cewa a taƙaice shi ne: ilimi duk guda ne, kuma mabuɗinsa guda ne. Fiƙihu da tauhidi da likitanci da taurari da noma, har da kimiyyar 'yan boko, wai duka suna komawa ga haruffa 28 da lambobi daga 1 zuwa 9, su kuma suna taruwa a cikin hatimi mai gida tara. Wanda ya riƙe wannan, in ji takardun, ya huta da shekarun zama gaban malamai. Daga baya wani abokina malami a Yendi ya ce su ma sun iso wurinsu, wani ɗan uwa daga Bawku kuma ya turo mini irin maganar a muryar WhatsApp. Shi ya sa na ga ya kamata mu auna ta a fili.

Tun farko in faɗi iyakar maganata. Ba hukuncin laya ko rubutun sha na zo bayarwa ba. Wannan mas'ala ce da malamanmu suka yi saɓani a kanta tun da daɗewa, kowa da hujjarsa, kuma masallacinmu ya tara mabiya ɓangarorin biyu a sahu ɗaya. Abin da nake aunawa shi ne da'awar cewa lissafin haruffa ya ƙunshi dukkan ilimi, ya kuma wadatar daga koyon fannoni ɗaya bayan ɗaya.

Inda maganar ta samo asali

Marubucin takardun yana magana kamar shi aka fara buɗe wa wannan sirri. To, tsohuwar magana ce. A ƙarni na 10 na Miladiyya, wasu masana a Basra da ake kira Ikhwanus Safa sun rubuta risaloli hamsin da ɗoriya suna neman tattara ilimin zamaninsu wuri guda, kuma da risalar adadi suka buɗe, don suna ganin tsarin halitta yana bin tsarin lamba. A cikin risalolin nasu akwai hatimai tun daga mai gida uku-uku har zuwa mai tara-tara. Bayansu aka yi Ahmad al-Buni, wanda ya rasu wajen 1225, shi ne ake jingina wa Shamsul Ma'arif da kuke gani a shimfiɗar masu sayar da littattafai a kasuwanninmu.

A ƙasar Hausa ma an yi gwani a wannan fanni, Shehu Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Katsinawi. Ya bar gida ya tafi aikin hajji, ya zauna a Hijaz, daga baya ya sauka a Alƙahira, inda ya rasu a 1741 a gidan Shehu Hasan al-Jabarti, mahaifin shahararren marubucin tarihin Masar ɗin nan Abdurrahman al-Jabarti. Ɗan ya ambace shi da girmamawa a littafinsa na tarihi. Shehu al-Katsinawi ya rubuta Bahjatul Afaƙ a kan hatimai da haruffa, ya rubuta Durrul Manzum a kan ɗalasimai da taurari. Masu nazarin tarihin lissafi har yau suna ambaton hanyoyin da ya bayyana na cika hatimi mai gidaje mara, wato uku-uku, biyar-biyar, bakwai-bakwai. Amma ku lura da abu ɗaya da takardun almajirina suka tsallake: wannan bawan Allah ya yi rubutu a nahawu, ya yi a manɗiƙi. Da hatimi ya wadatar da shi, da bai wahalar da kansa da su ba.

Ƙasarmu ita ma tana da nata rabo a wannan tarihi. Lokacin da Baturen Ingila Bowdich ya je Kumasi a 1817, ya tarar da manyan Asante suna sayen layu da tsada daga hannun malaman da suka fito daga arewa, suna ɗinka su a jikin batakari. A babban ɗakin karatu na birnin Kofanhegin a ƙasar Danmak akwai tarin takardun Larabci na wancan zamani daga ƙasar nan. Mafi yawansu hatimai ne da addu'o'in neman tsari da waraka, a cikinsu kuma akwai wasiƙun da Musulmin Kumasi suka yi musaya da 'yan uwansu na Gonja da Dagbon da Mamprugu. Masu bincike suna ganin an tsince su ne bayan yaƙin Katamanso na 1826, inda aka ci rundunar Asante. Ba na faɗin wannan don in yi wa kakanninmu dariya, Allah Ya kiyaye. Na faɗa ne don mu san cewa an daɗe ana rataya buri a kan waɗannan gidaje tara, kuma ba kullum suke cika burin ba.

Abin da yake gaskiya a cikin hatimi

Adalci shi ne a fara da abin da takardun suka faɗa daidai. Ɗauki allo ka zana gida tara. A layin sama ka sa 4, 9, 2. A na tsakiya 3, 5, 7. A na ƙasa 8, 1, 6. Ka tara kwance, ka tara tsaye, ka tara a karkace, ko ta ina 15 za ka samu. Wannan shi ne wanda muke kira hatimin Gazali, don Imam Gazali ya ambace shi a littafinsa al-Munƙiz, ko da yake mutanen ƙasar Sin sun san shi tun kafin a haifi Gazali da ƙarnoni. Abin sha'awa ne, kuma duk yaron da ya fara ganinsa sai ya yi mamaki.

Takardun sun ce zaman 5 a tsakiya sirri ne na salloli biyar da shika-shikan Musulunci. To, bari mu ga dalilin da lissafi ya bayar. Jimlar 1 zuwa 9 ita ce 45. Layi uku ne za su raba ta daidai, don haka kowane layi 15. Layukan da ke ratsa gidan tsakiya huɗu ne: na kwance, na tsaye, da karkatattu biyu. Jimlarsu 60. Waɗannan layuka huɗu sun taɓa kowane gida sau ɗaya, ban da na tsakiya da suka taɓa sau huɗu, wato ya ƙaru da sau uku. Cire 45 daga 60, saura 15. Raba 15 gida uku, ka samu 5. Ka ga dole ne 5 ta zauna a tsakiya, ko mai zanen Musulmi ne ko bai taɓa jin kiran sallah ba. In ka koma mai gida huɗu-huɗu, kowane layi 34 ne, kuma masana sun ƙirga hanyoyi 880 na cika shi. Mai biyar-biyar kuwa 65.

Wannan ilimi ne na gaske. Ana iya koya wa yaro a Bawku, ya gwada da kansa, ya samu abin da yaro a Katsina ya samu. In ka yi kuskure, allo zai nuna maka. Ina ma a ce makarantunmu na allo sun riƙe wannan ɓangare na gadon Shehu al-Katsinawi suna wasa ƙwaƙwalwar yara da shi.

Inda ƙafar ta zame

Matsalar tana farawa ne lokacin da aka tsallaka daga lamba zuwa ma'ana. Takardun sun kawo abin da masu wannan fanni suka saba kawowa: sunan Adamu da Larabci, alif 1, dal 4, mim 40, ya ba da 45, jimlar hatimin kenan. Sunan Hauwa'u, ha 8, wau 6, alif 1, ya ba da 15, jimlar layi kenan. Sai marubucin ya ce, kun gani, asalin ɗan Adam duka yana cikin gida tara.

Na ce da almajirina ya lissafa mini Zuhal, sunan tauraron nan. Zai 7, ha 8, lam 30. Ya ɗago kai ya ce, "Malam, 45 ne." Na ce to, hatimin na Annabi Adamu ne ko na tauraro? Masu fannin da kansu sun jingina shi ga Zuhal a wasu littattafan. Kalmomin Larabci dubbai ne, lambobin da ƙananan kalmomi ke faɗawa a kansu kaɗan ne, don haka dole kalmomi da yawa su haɗu a lamba ɗaya, masu daɗi da marasa daɗi. Mai lissafi yana ɗaukar wadda ta yi masa, ya yi shiru a kan sauran. Sannan sunan Hauwa'u bai ba da 15 ba sai da aka ƙi ƙirga hamzar ƙarshe, aka kuma ƙirga wau sau ɗaya duk da shaddar da ke kanta. A wani shafin kuwa, inda lissafi ya ƙi fita, na ga marubucin ya ƙirga shadda sau biyu.

Ga babbar ɓaraka kuma. Abajada iri biyu ce. Akwai ta mutanen gabas, akwai ta Magrib wadda kakanninmu suka gada tare da rubutun Warshu. Sun saɓa a haruffa shida: sin, shin, sodi, lodi, zadi da gain. A gabas sin 60 ce, a Magrib 300. A gabas shin 300 ce, a Magrib 1000. Lambar nan 786 da kuke gani a jikin motoci da saman wasiƙu a madadin Bisimilla, lissafin gabas ne. In ka bi na Magrib, 1026 za ka samu, saboda sin ɗin da ke cikinta. Takardun almajirina sun kwafo wani shafi daga littafin gabas, wani daga kundin gida, ba tare da marubucin ya lura cewa ma'auni biyu yake aiki da su ba. Ɗan kasuwar da ke saye da wani mudu yana sayarwa da wani, kun san sunan da ake kiransa da shi a kasuwar Salaga.

Kada wani ya ce wannan wasan almajirai ne kawai. Abokina na Yendi ya ba ni labarin wani aure da ya kusa rushewa a bara. An kai kuɗin gaisuwa, iyaye sun amince, sai wani kawun yarinyar ya kai sunayen yaran wurin mai lissafi. Aka tara haruffa, aka riƙa zubar da tara-tara, abin da ya rage aka ce ya nuna talauci da rabuwa. Yarinya ta kwana uku tana kuka. Ɗauki suna kamar Yusuf ka gwada da kanka: ya 10, wau 6, sin, fa 80. A lissafin gabas 156 ne, in ka zubar da tara-tara saura 3. A na Magrib 396 ne, ya ƙare daidai babu saura. Mutum ɗaya, suna ɗaya, amsa biyu. A kan wannan za a raba 'yar Musulmi da mijin da aka yarda da addininsa da halinsa? Shari'a ta ba mu abin dubawa: addini, hali, iya riƙo, yardar yarinya, shawara, da istihara. Alhamdu lillahi, dattawa sun sa baki an ɗaura auren.

Ibn Khaldun, wanda ya rubuta Muƙaddima a 1377, ya yi dogon bayani a kan ilimin sirrin haruffa da wata da'irar lissafi da ake kira za'iraja, wadda ake ciyar da ita tambaya ta fitar da amsa a tsare. Bai musa cewa amsa tana fitowa ba. Abin da ya nuna shi ne dacewar tana tsakanin kalmomin tambaya da kalmomin amsa ne kawai, wannan kuwa ba ya tabbatar da cewa abin zai faru a waje, don gaibu ba a kai gare shi da sana'ar lissafi. Shekara fiye da 600 kenan, kuma amsar ba ta tsufa ba.

Alamar da za ka gane irin wannan mabuɗi ita ce ba ya taɓa yarda ya yi kuskure. In abin da aka faɗa ya faru, an ce lissafi ya yi. In bai faru ba, an ce ba ka sa sunan uwa ba, ko sa'ar ba ta dace ba, ko ba ka da izini. Na tambayi almajirina: wane abu ne in ya faru za ka ce takardun nan ƙarya ne? Ya yi shiru. Na ce masa, maganar da babu abin da zai iya ƙaryata ta, babu kuma abin da zai iya gaskata ta.

Darasin lamba 19

Wanda ya ga kamar na tsananta, ya tuna da Rashad Khalifa. Masanin kimiyya ne ɗan Masar da ya zauna a garin Tusan na Amurka. A 1974 ya fito da cewa ya gano da kwamfuta cewa Alƙur'ani duka an gina shi a kan lamba 19. Haruffan Bisimilla 19 ne, surori 114 ne, wato 19 sau 6, kuma an ambaci 19 a Suratul Muddassir. Musulmi da yawa sun yi murna, har Shehu Ahmad Deedat na Afirka ta Kudu ya yaɗa maganar a wani ɗan littafi a 1979, kafin daga baya ya nisanta kansa daga mutumin. Wasu daga cikin iyayenmu 'yan boko suna da kwafinsa har yanzu a akwati.

Ina aka ƙare? Da ƙirgen ya ƙi fita daidai, maimakon mutumin ya ce lissafina ne ya gaza, sai ya ce ayoyi biyu na ƙarshen Suratut Tauba ba sa cikin Alƙur'ani. Ya watsar da hadisi, ya sanya wa tashin ƙiyama shekara, ya ƙare da cewa shi manzo ne. Wa'iyazu billahi. Ya fara ne da niyyar kare Littafi da lamba, ya ƙare yana yanka Littafi don ya kare lamba. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Su ma masu turo mana lissafin lambobin ayoyi a waya, su sani cewa ƙirgen ayoyi ya bambanta tsakanin malaman ƙira'a, ba tare da an ƙara ko an rage kalma ɗaya ba. Bambancin yana wurin da ake sanya ƙarshen aya ne. Ƙirgen Kufa, wanda mus'hafin Hafsu ke bi, 6236 ne. Ƙirgen Madina na ƙarshe, wanda aka saba bi a mus'hafin Warshu, 6214 ne. Suratul Baƙara aya 286 ce a na farko, 285 a na biyu. Duk mu'ujizar da aka gina a kan lambar aya, to a ɗayan mus'hafin za ta rushe. Alƙur'ani ya fi ƙarfin ya jingina da irin wannan sanda.

To, ai 'yan kimiyya ma suna nema

Shafin ƙarshe na takardun ya kafa hujja da cewa Turawa ma suna neman ƙa'ida ɗaya da za ta bayyana komai. Akwai ƙamshin gaskiya a nan. A 1687 Niyuton ya nuna cewa ƙarfin da ke jawo mangwaro ƙasa shi ne ke riƙe wata a kan hanyarsa. A shekarun 1860 Makswel ya haɗa lantarki da maganaɗisu da haske a lissafi guda. Ainstain ya kwashe kusan shekara talatin na ƙarshen rayuwarsa yana neman haɗa ƙarfin jan ƙasa da na lantarki, har ya mutu a 1955 bai samu ba, kuma har yau magadansa ba su kammala aikin ba.

Amma ku dubi yadda suke yi. Ainstain ya ce hasken tauraro zai karkata in ya gifta kusa da rana, ya kuma faɗi gwargwadon karkatar. Ranar 29 ga Mayu 1919 aka yi husufin rana, masana suka tafi tsibirin Firinsife a tekun Gini, ba nesa da gaɓarmu sosai ba, wasu suka tafi Burazil, suka ɗauki hoto suka auna. Da awon ya saɓa, da maganarsa ta faɗi a gaban duniya. Ya sa wuyansa a inda za a iya yanka shi. Mai takardunmu bai yi haka ko a layi ɗaya ba.

Sannan ko da sun samu abin da suke nema gobe, a fanninsu kaɗai zai yi aiki. Ba zai gaya maka abin da ke karya alwala ba. Ba zai gaya wa manomin albasa a Bawku ranar dashe ba, ko manomin doya a Yendi irin ƙasar da ta gaji. Ba zai ɗaga fa'ili ya yi wa maf'uli nasabi ba. Kowane fanni da tambayarsa, da hujjar da ake karɓa a cikinsa.

Yadda magabata suka bi

Abin da ya fi jan hankalin yaranmu a takardun nan shi ne rigar tauhidi da aka sa musu. An ce tunda Allah ɗaya ne, dole ilimi ya zama ɗaya, mabuɗinsa ɗaya. Kalmar farko gaskiya ce wadda muke rayuwa mu mutu a kanta. Amma sauran ba su biyo daga gare ta ba. Allah ɗaya ne, kuma Shi Ya halicci harsuna daban-daban da launuka daban-daban, Ya sanya hakan cikin ayoyinSa. Wanda Ya kewaye komai da sani Shi ne Allah. Mu kuwa an gaya mana a Suratul Isra'i cewa kaɗan aka ba mu. Ku tuna ƙissar Annabi Musa da Halliru a Suratul Kahfi: manzo ne mai Attaura, amma aka tura shi tafiya ya koyi wani ilimi a wurin wani bawa. Ku tuna kuma hadisin barbarar dabino a Madina, inda Manzon Allah (SAW) ya mayar wa manoma al'amarin gonarsu. Wanda ya ce ya tara komai a gida tara, ya yi da'awar abin da annabawa ba su yi ba.

Malamanmu sun so tara ilimi, amma ta hanyar jerawa. Imam Suyuɗi, wanda ya rasu a 1505, ya tara fanni 14 a ɗan littafinsa Nuƙaya, tun daga tafsiri da hadisi da gado har zuwa nahawu da likitanci da tasawwufi, kowanne da babinsa da ƙa'idojinsa. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo a 1812 ya rubuta Ida'un Nusukh yana lissafa malaman da ya yi karatu a wurinsu, wane littafi a wurin wa. A nan ƙasar, malaman Wangara suna ba da salsala ne bayan ɗalibi ya sauke Jalalaini da Muwaɗɗa da Ashafa, littafi bayan littafi. Alhaji Umaru, wanda aka haifa a Kano wajen 1858, ya zauna a garin nan namu, ya koma Kete Krachi bayan yaƙin basasar Salaga na 1892, ya rasu can a 1934. Tun yana saurayi ya rubuta littafi a kan yadda ake tsara wasiƙa. Ya fassara waƙoƙin Imru'ul Ƙaisi zuwa Hausa, ya rubuta tarihi, ya yi waƙa a kan zuwan Nasara da kan annobar 1918. Kowanne daga cikin waɗannan sai da ya zauna ya koya, ko ya fita ya gani da idonsa.

Ga misalin inda lamba take aiki na gaske a addini. Mutum ya rasu ya bar mata, 'ya'ya mata biyu, uba da uwa. Asalin mas'alar 24 ne. Mata tana da tumuni, 3. 'Ya'ya mata biyu suna da kashi biyu cikin uku, 16. Uba sudusi, 4. Uwa sudusi, 4. Ka tara, 27, ya haura asali. Sai a yi auli, a raba dukiyar gida 27. In abin da ya rage bayan biyan bashi da wasiyya sidi 27,000 ne, mata ta ɗauki 3,000, kowace 'ya 8,000, uba 4,000, uwa 4,000. Ka ga lissafi ya yi hidima. Amma ba shi ya gaya maka mata tana da tumuni ba, nassi ne. Ba shi ya koya maka auli ba, aikin sahabbai ne da fiƙihu ya adana. Ba shi zai gaya maka ko gonar ta mamacin ce ko ta dangi ba, sai ka nemi shaidu. Mas'ala ɗaya, ƙofa uku, kuma hatimi bai buɗe ko ɗaya ba.

Nasiha ga almajirai da iyaye

Na fahimci abin da ke jan yaranmu. Karatu yana da tsawo, aljihu babu nauyi, abokai sun tafi Kumasi da Ankara neman kuɗi, sai ga wanda ya ce ga ilimi duka a shafi talatin. Wa zai ƙi? Amma araha ba ta ado. Mu malamai ma muna da laifi: muna hana yara tambaya, muna barin lissafi da tarihi a waje kamar ba namu ba ne, sai mai takarda ya zo ya same su da ƙishirwa.

Duk wanda ya kawo muku irin wannan, ku yi masa tambaya cikin ladabi. Daga wane malami ka karɓa, shi kuma daga wa? Da wace abajada kake aiki, kuma me ya sa ita? Wane abu ne in ya faru za ka yarda ka yi kuskure? In ya amsa, ku zauna ku saurara. In ya ce sirri ne ba a tambaya, ku yi masa sallama ku koma kan allonku. Iyaye kuma, don Allah kada a sake rataya auren 'ya'yanmu ko tafiyarsu ko zuwa asibitinsu a kan ragowar tara-tara.

Almajirina ya dawo karatu, yanzu yana babin azumi a Iziyya. Takardun suna wurina. Ranar Alhamis bayan la'asar mukan zana hatimi mai biyar-biyar a allo ni da shi da 'yan uwansa, mu ga wanda zai fara cika shi kowane layi 65. Wanda yake so, daga cikin masu karanta wannan, ya zo da allonsa. Hanyar lafiya, a bi ta da shekara.

Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren kuwa nawa ne, kuma ina roƙon iyayenmu malamai na Salaga da Yendi da Bawku su gyara mini a fitowa ta gaba. Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, Ya tsare mu daga wanda ba ya amfani, Ya jiƙan malamanmu da iyayenmu. Allah ne Mafi sani.